Takardar Inganci a Bangon Asibiti: Me Take Tsinana wa Majinyaci?

A ƙarshen shekarar 2016 cutar sanƙarau ta ɓulla a ƙaramar hukumar Zurmi. Kafin ta lafa a 2017 ta bazu zuwa Sakkwato, Katsina da wasu jihohi, ta kashe mutum fiye da 1,000. Nau'in C ne, ba nau'in A da aka riga aka yi wa jama'a rigakafinsa ba, kuma ƙarancin ɗakunan gwaji ya hana a gane shi da wuri. Wannan ya nuna mana cewa gini da gadaje kaɗai ba su isa a kira wuri asibiti ba.

Domin toshe irin wannan ɓaraka ne ake tantance asibitoci. Masana daga waje sukan zo su duba ko akwai ruwa da wuta, ko ma'aikata suna da lasisi, ko ana gwada jini kafin a ƙara wa mutum, ko ana dafa kayan tiyata, ko ana adana katin kowane majinyaci. Asibitin da ya cika sharuɗɗa sai a ba shi takarda ta ɗan lokaci, in ta ƙare a sake dubawa.

Abin ya samo asali daga Amurka. A 1918 ƙungiyar likitocin tiyata ta ƙasar ta duba asibitoci 692, amma 89 kawai suka tsallake. A nan gida, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti mallakar takardar cika ƙa'ida, ta kuma ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Hukumar inshorar lafiya ta NHIA, wadda aka kafa a 2022, ita ma sai ta tantance asibiti kafin ta tura masa masu inshora.

To, shin takardar tana sa majinyaci ya gamsu? A nan sai mu yi hattara, 'yan'uwa. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya tambayi majinyata kusan 37,000 a asibitoci 73 na Jamus ko za su ba wani shawarar zuwa inda aka yi jinyarsu. Ba a ga wani bambancin kirki ba tsakanin asibitocin da aka tantance da waɗanda ba a tantance ba. Dalili a fili yake. Masu tantancewa suna duba abin da idon majinyaci ba ya gani, shi kuwa yana auna tsawon jira a layi, da kuɗin magani, da irin fuskar da nas ta tarbe shi da ita. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Amma kada wannan ya sa mu raina takardar. Uwar da ta ɗauko yaro a babur daga Galadi zuwa Shinkafi, a kan hanyar da 'yan bindiga suka addaba, ba ta da ikon zaɓen asibiti. Wanda ta samu shi ne nata. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana tallafa wa sashen yara a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi, amma zaman baƙo ba ya ɗorewa. Ƙa'idar da hukuma ta tsaya a kanta ita ce garkuwar wannan uwa.

Saboda haka mu riƙa tambaya, daga Ƙaura Namoda har Zurmi: wa ya duba asibitinmu, yaushe, me kuma aka gyara bayan nan? Mu shiga kwamitocin lafiya na gundumominmu, mu kai kuka inda za a ji. 'Ya'yanmu da ke aikin jinya kuma su tuna, takarda tana tsare ran majinyaci, amma kwantar masa da hankali aikin bakinsu ne da hannunsu.