Burauzar da Ake Sa Aiki Daga Nesa

A daidai lokacin da kake karanta wannan shafi, akwai Chrome da Firefox masu ɗimbin yawa a buɗe cikin manyan ɗakunan kwamfutoci a Amurka da Turai da Indiya, kuma babu ko mutum ɗaya zaune a gabansu. Suna shiga shafuka, suna cike fom, suna danna maɓalli, suna ɗaukar hoton abin da ya bayyana, sannan su rufe. Yawancinsu ma ba su da allon da za a kalla. Mai ba su umarni yana iya kasancewa a Bangalo ko a Zariya, da 'yar laftof a kan cinya. Sana'ata ke nan. Ina rubuta manhaja, kuma mafi yawan lokacina yana tafiya ne wajen gwada shafukan intanet kafin a sake su ga jama'a. Na ga ya kamata in bayyana yadda abin yake, domin na gamsu cewa rashin wannan gwaji yana cikin dalilan da suke sa shafukan rajista da yawa a ƙasarmu su durƙushe a ranar da aka fi bukatarsu.

Burauza kowa ya santa, ita ce manhajar da kake buɗe shafi da ita. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne tana da wata ƙofa ta baya, wadda ba don yatsan mutum aka yi ta ba, don wata manhaja aka yi ta. Irin wannan ƙofa ake kira API. Ta nan ake aika wa burauza saƙo a rubuce: buɗe adireshi kaza, nemo akwatin suna, rubuta kaza a ciki, danna maɓallin aikawa, faɗa mini abin da ya fito. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da yake da yaro a Legas ya san wannan tsari. Ba ya zuwa da ƙafarsa. Waya yake bugawa ya ce a shiga shagon wane, a duba atamfa kaza, a turo masa hoto. Yaron shi ne burauzar, layin wayar shi ne API.

To amma saƙon da burauza take ganewa yana da ƙa'idoji masu tsauri. A tsarin da ake kira WebDriver, kowane umarni saƙo ne na HTTP, irin wanda intanet gaba ɗaya take tafiya a kansa, kuma ana shirya abin da ke cikinsa da wani salon rubutu mai suna JSON. Da farko sai ka nemi a buɗe maka zama. Idan an buɗe, a ba ka wata doguwar lamba, kuma duk saƙon da zai biyo baya sai ya ɗauki lambar nan, in ba haka ba ba a san da wace burauza kake magana ba. Idan ka nemi wani maɓalli a shafi, shi ma lamba za a ba ka a madadinsa, da ita za ka koma ka ce a danna. Mutum zai iya rubuta duk wannan da hannu, sai dai zai gaji kafin ya gama fom ɗaya. Shi ya sa aka yi laburare, wato tarin umarnin da wasu suka riga suka rubuta, kai kuma ka ɗauko ka yi amfani da shi a harshen manhajar da ka iya, Python ne ko Java ko JavaScript. Ka rubuta layi ɗaya mai cewa a danna, laburaren ya shirya saƙon, ya liƙa lambar zaman, ya aika, ya jira amsa, idan an sami matsala ya fassara maka ita yadda za ka fahimta. Kullum ina gaya wa masu koyo su buɗe su kalli saƙonnin nan ko da sau ɗaya ne. Wanda ya ga abin da ke wucewa a ƙarƙashi ba ya ruɗewa ranar da abu ya ƙi aiki.

Tarihin abin bai yi nisa ba. A 2004 wani injiniya mai suna Jason Huggins, yana aiki da kamfanin ThoughtWorks a Cikago, ya gaji da maimaita gwajin wata manhajar lissafin lokutan aiki da kuɗin da ma'aikata suka kashe, sai ya rubuta abin da zai riƙa yi masa gwajin. Shi ne ya zama Selenium. Daga baya Simon Stewart ya fito da WebDriver, aka haɗa su biyu aka sami Selenium 2 a 2011. A watan Yunin 2018 hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta amince da WebDriver a matsayin ƙa'ida ta kowa, shi ya sa umarni ɗaya yake aiki a Chrome da Firefox da Safari. Google ya fito da Puppeteer a 2017, shekarar da Chrome ta sami damar yin aiki ba tare da allo ba. Microsoft ya biyo da Playwright a 2020, kuma cikin waɗanda suka gina shi akwai injiniyoyin da suka yi aikin Puppeteer tun farko. Waɗannan biyun ba sa aika saƙo ɗaiɗai su katse, layi ɗaya suke buɗewa ya zauna a buɗe har a gama. Selenium da Puppeteer da Playwright duka kyauta ne, kowa yana iya saukewa.

Inda kuɗi ya shigo shi ne hayar burauza. Tunda umarnin saƙo ne da ke bin intanet, ba dole ba ne burauzar ta kasance a kwamfutarka. Huggins ɗin nan yana cikin waɗanda suka kafa Sauce Labs a 2008, sannan wasu 'yan Indiya biyu, Ritesh Arora da Nakul Aggarwal, suka kafa BrowserStack a Mumbai a 2011. Irin waɗannan kamfanoni suna ajiye burauza iri-iri da wayoyin gaske na Android da iPhone. Ka yi rajista, a ba ka adireshi da wani mabuɗin sirri, ka sa su a layin farko na manhajarka, sauran kuma ba abin da ya canza.

Wannan ɓangaren ne ya fi burge ni, saboda na san irin kwamfutar da yawancin matasanmu suke koyo da ita: tokumbo, mai RAM gigabait 4, wadda in ka buɗe Chrome da shafi biyar sai fankarta ta fara kuka. Irinta ba za ta iya tuƙa burauza goma a lokaci ɗaya ba, amma tana iya aika musu umarni. Haka kuma hotuna da bidiyon da ke shafin, burauzar can ce take sauke su da layinta, kai ƙananan saƙonni kawai suke cin datarka. Wanda bai taɓa riƙe iPhone ba yana iya ganin yadda shafinsa yake fita a Safari. Ga mai aiki da kamfanin waje daga Kano ko Maraɗi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Akwai kuma inda nisan yake cizo. Kowane umarni sai ya je ya dawo. A ce zuwa da dawowa yana cin rubu'in daƙiƙa, gwaji mai umarni 200 ya ci daƙiƙa 50 a hanya kawai, ba a ma yi maganar aikin kansa ba. Don haka ake zaɓar cibiyar da ta fi kusa, a kuma rage yawan surutu da burauzar. Sai matsalar jira, wadda ta fi kowace wahalar da sababbi. Manhaja tana da gaggawa, takan danna maɓallin da bai gama bayyana ba, sai gwajin ya faɗi alhali shafin lafiyarsa ƙalau. Mai koyo yakan ce a tsaya daƙiƙa biyar kafin kowane mataki, yau ya yi aiki, gobe intanet ta yi nauyi ya sake faɗuwa. Abin da ya dace shi ne a ce a jira har maɓallin ya bayyana, kuma Playwright yana yin wannan da kansa. Akwai kuma abubuwa biyu na kula: a rufe zama idan an gama, don wasu kamfanonin da lokaci suke caji, kuma kada a bar mabuɗin sirri cikin abin da za a ɗora a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja suke ajiye aikinsu, domin akwai masu sintirin neman irinsa.

Wani abu kuma da nake so masu sana'armu su riƙe: burauzar da ke Jamus a kan layi mai gudu ba ta ganin abin da ɗalibi a Gusau yake gani da wayarsa. Gwaji zai iya cewa komai daidai, yaro kuma yana can yana kallon farin allo. Chrome tana da hanyar rage gudun layi da gangan ya zama kamar 3G, kuma ana iya kunna ta daga cikin gwajin. A kunna. Sannan a gwada da sunayenmu. Fom nawa ne suke ƙin karɓar Sa'adatu ko Rabi'u ko Shu'aibu saboda 'yar alamar da ke tsakiyar sunan? Nawa ne suke mayar da ƙ da ɗ da ɓ alamar tambaya a takardar da za a buga? Nawa ne suke ƙin lambar waya don an fara ta da sifiri? Waɗannan kurakurai ne da gwaji na minti biyu zai kama, amma sai a bar su su kai ga yarinyar da za ta yi shekaru tana yawon gyaran suna a takardunta. Abin yana ci mini rai ƙwarai, domin maganinsa ba tsada.

Dole in faɗi ɗaya fuskar. Kayan aikin da yake gwada shafinka shi ne dai yake iya kwashe bayanan shafin wani, ko ya buɗe asusun ƙarya ɗari, ko ya saye tikiti kafin mutum ya kai hannu. Wannan ne ya sa kake shan tambayar nan ta zaɓi hotunan da ke da fitilar titi. CAPTCHA ke nan, sunan da Luis von Ahn da abokan aikinsa na jami'ar Carnegie Mellon suka raɗa. A 2016 Amurka ta yi doka ta musamman a kan masu sayen tikiti da irin wannan manhaja. Tun 1994 kuma akwai al'adar ajiye ɗan fayil mai suna robots.txt, inda mai shafi yake faɗin wuraren da bai yarda manhaja ta shiga ba. A Najeriya akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanan mutane ta 2023. Ni dai ƙa'idata ba ta da sarƙaƙiya. Shafina ko na wanda ya ɗauke ni aiki, ina gwada shi yadda na ga dama. Na wani kuwa, in duba ko yana da API na kansa da ya buɗe wa jama'a, in bi ta nan. Idan ya sa shinge, ba na tsallakewa. Bayanan mutane kuma, sunansu da lambar wayarsu, ba na kwasa ko da a fili suke.

Ga matashin da ya fara koyon Python, shawarata ita ce ya sauke Playwright ko Selenium a makon nan, ya gina ɗan fom nasa, ya rubuta gwajin da zai cike shi. Ba ya bukatar hayar komai sai aikin ya girma. Ku kuma shugabannin makarantu da asibitoci da ma'aikatu da kuke ba da kwangilar gina shafi, kafin ku sa hannu a biya kuɗin ƙarshe, ku ce ɗan kwangila ya kunna gwajinsa a gabanku, ku ga fom ɗin ya karɓi Sa'adatu a kan layi mai nauyi. In ya ce ba shi da gwaji, aikin bai kammala ba, kada ku biya.