Ƙullutun Yatsan Ƙafa: Yaushe Ne Ya Kai Ga Wuƙar Likita?

Akwai wani ɗan ƙullutu da kan fito a bayan yatsan ƙafa, wani lokaci dab da gindin farce, wani lokaci a kan gaɓar da yatsa ya haɗu da ƙafa. Santsi ne da shi, yana ɗan motsi idan an taɓa, yau ya kumbura, bayan wata guda ya saɓe kamar zai tafi. Likitoci suna kiransa ganguliyon, a takardun asibitocinmu na Nijar kuma an fi rubuta kist. Ya fi yawa a bayan wuyan hannu, ya kuma fi kama mata, amma na ƙafa shi ya fi takura mutum, domin hannu ba ya sa takalmi.

Kowace gaɓa mai lanƙwasuwa a jikin ɗan Adam tana cikin wata 'yar jaka mai ɗauke da ruwan da ke hana ƙasusuwa gugar juna, haka ma jijiyoyin da ke jan yatsu suna cikin kube mai irin wannan ruwa. Idan bangon jakar ya yi rauni a wani gurbi, sai ya ɓullo waje kamar yadda tayar keke ke yin ƙulli a inda ta ci, ruwan ya taru a ciki ya yi kauri da yauƙi. Tsakanin ƙullin da gaɓar akwai ɗan siririn wuya, ruwa na shiga ta nan amma da ƙyar yake komawa. Wannan wuyan shi ne kan maganar duka. Na gindin farce yakan zo wa manya waɗanda gaɓarsu ta fara cinyewa, har ƙashi ya yi ɗan tsiro, kuma idan ya danne tushen farcen sai farcen ya riƙa fitowa da kwari a tsakiyarsa.

Ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa, ba a ɗaukarsa daga wani. Da yawa sukan baje da kansu, musamman na wuyan hannu. Saboda haka likitan kirki, idan ya haska shi da tocila ya ga haske ya ratsa, ko ya tura mutum a yi masa hoton eko aka tabbatar ruwa ne a ciki, sau da yawa abin da zai ce shi ne a bar shi, a canza takalmi. Mutanenmu ba sa son jin haka. Wanda ya biya kuɗin kabu-kabu daga Tibiri zuwa Maraɗi ya bi layi tun safe yana ganin an raina masa wayo idan ya fita ba piƙir ba ƙwaya. To amma wannan shawara magani ce, kuma ita ce mafi arha.

Daga nan ne wasu ke zarcewa wajen wanzami a yi musu sakiya ko tsaga. Ina girmama sana'ar wanzanci, amma a wannan gurbi aska ba ta da hurumi. Ƙurji mai mugunya rufaffen wuri ne, a huda shi ya zubar ya warke. Wannan kuwa ƙofarsa a buɗe take zuwa cikin gaɓa. Duk ƙazantar da ta shiga ta bakin tsagar tana iya bin wuyan nan ta isa gaɓar, daga can ta kama ƙashi, kuma ciwon ƙashi ba ya jin magani da sauri. Ga mai ciwon suga, wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai, abin kan kai ga rasa yatsan. Turawan Ingila ma sun daɗe suna da tasu dabarar, ta maka wa ƙullin babban littafi ya fashe a ciki. Likitocinsu sun hana, don ana karya ƙashi kuma ƙullin na dawowa.

A asibiti ana iya zuƙe ruwan da allura cikin tsabta. Yana kawo sauƙi nan take, sai dai fiye da rabin waɗanda aka yi wa haka sukan ga ya sake cika, tunda ba a taɓa wuyan ba.

Tiyata na zuwa ne idan ƙullin yana ciwo, ko ya hana sa takalmi da tafiya, ko ya danne jijiya yatsa ya riƙa mutuwa, ko fatar kansa ta yi siriri har tana tsattsafo da ruwa. Wannan na ƙarshe bai kamata a yi masa jinkiri ba, domin gaɓar ta riga ta buɗe wa ƙwayoyin cuta. Aikin ba babba ba ne, kuma yawanci ba a sa mutum barci. Ana kashe yatsan da allura a gindinsa, a ɗaure shi da roba don jini ya tsaya likita ya ga abin da yake yi, a tsaga fatar, a raba jakar da jijiyoyin da ke kewaye da ita a hankali, a bi wuyan har inda ya tsiro a yanke shi tare da ɗan bangon gaɓar. Idan akwai tsiron ƙashi a goge shi, don barinsa na jawo komowa. Inda fata ta lalace akan jawo ta gefe a rufe. Mutum kan koma gida ranar, a cire zare bayan mako biyu ko kusa da haka. Ko bayan wannan yakan dawo wa wasu, wasu kuma yatsan ya ɗan sandare ko tabon ya riƙa zafi, kuma haƙƙin maras lafiya ne a faɗa masa haka kafin ya kwanta. A Maraɗi hanya ita ce a fara da ƙaramin asibitin unguwa, wato CSI, su tura mutum babban asibitin jiha ko asibitin ƙwararru inda likitocin fiɗa suke.

Rabin nasarar aikin tana hannun mai ƙafar. A ɗaga ƙafa kwanakin farko, kada bandeji ya jiƙe. Masu tambayar alwala, malamai sun yi bayanin shafa a kan ɗauri tun tuni. Manomi kuwa, in ba gaggawa, ya jira a gama kaka. Mai noman rani a Jiratawa da ke wuni ƙafa cikin laka ya nemi wanda zai riƙe masa ban ruwa har ciwon ya kame.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙullin da ba wannan ba. A yankin Sahel, daga Senegal har Sudan, Nijar na ciki, akwai cutar da ake kira maisetoma, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2016. Ƙwayarta na cikin ƙasa, tana shiga ta sukar ƙaya ga mai yawo a gona ko kiwo ba takalmi. Ita ma da ɗan ƙulli marar ciwo take farawa, shi ya sa ake raina ta. Bambancin shi ne ita tauri ne da ita, haske ba ya ratsa ta, ba ta saɓewa, kuma da tafiya ta yi tafiya sai ta buɗe ƙananan ramuka masu fitar da tsaba baƙa, fara ko ja. Idan an kama ta da wuri magani da ƙaramin aiki kan wadatar, idan an bar ta shekaru tana cin ƙashi har a yanke ƙafa. Haka nan ƙafar da ba ta jin zafi ko sukar ƙaya tana buƙatar a duba ta don kuturta, kuma asibitin Danja da ke kudu da Maraɗi ya daɗe yana wannan aiki. Saboda irin waɗannan cututtuka ne likita, ko da ya cire ƙullin da ya yi kama da kist, idan ya ga abin da bai gamsu da shi ba zai aika da naman ɗakin gwaji, ya ce wa mai shi ya dawo karɓar sakamako ko da ciwon ya riga ya warke.