Tabon Bama-bamai a Garin Great Yarmouth

Great Yarmouth gari ne a gabar gabashin Ingila, wanda a da garin masunta ne. Daren 19 ga Janairu, 1915, jirgin balan-balan na Jamus, Zeppelin, ya tsallako teku ya yi wa garin ruwan bama-bamai. Mutum biyu suka rasu a unguwar St Peter's Plain: Samuel Smith, mai ɗinkin takalma, da wata tsohuwa, Martha Taylor. Har yau akwai shuɗin allo a jikin wani gida da ke tuna abin da ya faru.

Ɓarnar Yaƙin Duniya na Biyu ta fi muni nesa ba kusa ba. Da yawa daga tsoffin lungunan garin masu ƙunci sun rushe. A 1942 wuta ta cinye cocin St Nicholas, bango da hasumiya kaɗai suka tsira, sai a 1961 aka sake keɓe shi don ibada.