Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano: Daga Aji Zuwa Majalisar Wakilai

Gabatarwa

Yawancin matasan yau sun san Ɗanmasanin Kano ne a matsayin dattijo mai zaƙin baki, wanda ake gayyata wurin taro ya yi wa shugabanni nasiha. Kaɗan ne suka san cewa ya shafe fiye da shekara goma sha ɗaya yana ɗan Majalisar Wakilai ta Tarayya a Legas, daga 1954 zuwa 1966. Manufata a wannan babi ita ce in bayyana yadda ya kai ga wannan kujera, da abin da ya yi da ita, domin mutanen da suka ga wancan zamani da idonsu sun kusa ƙarewa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Yusuf Maitama Sule a birnin Kano ranar 1 ga Oktoba, 1929. Shi ba ɗan sarauta ba ne. Mahaifinsa yana cikin barorin gidan Madakin Kano, kuma shi kansa bai taɓa ɓoye wannan asali ba har ƙarshen rayuwarsa. Ya fara karatun boko a Elementare ta Shahuci, ya wuce Midil ta Kano wadda yanzu ake kira Kwalejin Rumfa, daga nan sai Kwalejin Kaduna, wadda daga baya ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Da ya gama sai ya dawo Midil ta Kano ya kama aikin koyarwa. A nan ne aka fara sanin baiwarsa ta iya magana cikin Hausa da Turanci, da kuma sha'awarsa ga wasan kwaikwayo.

Shigarsa Siyasa

Ranar 8 ga Agusta, 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kuma ana lissafa Malam Maitama cikin samarin da suka kafa ta. Sai dai bai daɗe a cikinta ba, ya koma NPC, jam'iyyar da sarakuna da ma'aikatan En'e suka mara wa baya. Wannan sauyi shi ne abin da aka fi jayayya a kansa cikin tarihinsa. 'Yan Sawaba sun ɗauke shi a matsayin wanda ya juya wa talakawa baya ya koma fada. Magoya bayansa kuwa suna ganin ya zaɓi gyara tsarin ne daga ciki.

A ganina, ba za a fahimci lamarin ba sai an tuna yadda ƙasar take a lokacin. En'e ce ke riƙe da makarantu da kotunan alƙalai da 'yan doka da gidan yari. Malamin makaranta ma'aikacin En'e ne, don haka zamansa a jam'iyyar adawa yana nufin rasa aiki, wani lokaci har da ɗauri. Wasu sun zaɓi wannan hanya sun sha wuya, kuma tarihi ba zai manta da su ba. Shi kuwa ga tsoron rasa aiki, ga kuma alherin gidan da ya sa shi makaranta. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Zamansa a Majalisar Wakilai

Tsarin mulkin Lyttelton na 1954 ya mai da Nijeriya tarayya, ya kuma ba Majalisar Wakilai zaɓaɓɓun kujeru 184, rabinsu, wato 92, na Arewa. A Arewa ba a jefa ƙuri'a kai tsaye ba a wannan shekara. Masu biyan haraji ne ke zaɓar wakilai a unguwa ko ƙauye, su kuma su zaɓi na gaba da su, hawa-hawa har a kai ga waɗanda za su fid da ɗan majalisa. Irin wannan tsari ya fi yi wa jam'iyyar da ke kusa da hakimai da dagatai daɗi. A wannan zaɓe ne Maitama Sule, yana ɗan shekara 25, ya ka da Malam Aminu Kano. Ba da jimawa ba ya zama mai tsawatarwa na jam'iyyarsa a majalisa, wato mai tabbatar da cewa 'yan NPC sun halarci zama sun kuma jefa ƙuri'a baki ɗaya.

A zaɓen 1959 aka fara jefa ƙuri'a kai tsaye a Arewa, amma maza kaɗai. Kujerun majalisa suka zama 312, Arewa na da 174. Ya sake cin zaɓe, sai Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya naɗa shi Ministan Ma'adinai da Wutar Lantarki. A tsarin firayim minista, dole minista ya kasance ɗan majalisa, yana zaune a zaure ana yi masa tambaya yana ba da amsa. Ma'aikatar ba ƙarama ba ce, don kuwa kuzar Jos da gawayin Inugu da man fetur duk suna ƙarƙashinta. An gano man a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. A zamanin ministancinsa aka fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kuma buɗe matatar mai ta farko a Fatakwal a 1965. Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 shi ya kawo ƙarshen wannan majalisa.

Bayan Majalisa

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Baƙo ya ɗauke shi kwamishina, ya riƙe ma'aikatu dabam-dabam, ciki har da ta ƙananan hukumomi da ta watsa labarai da al'adu. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a a 1975, shi ne ya fara shugabantarta. Mu da muka yi aikin gwamnati mun san nauyin wannan ofis, domin nan ne talakan da ma'aikaci ya danne wa haƙƙi yake kai kuka ba tare da ya ɗauki lauya ba.

A Disambar 1978 ya nemi NPN ta tsai da shi takarar shugaban ƙasa, ya zo na biyu bayan Alhaji Shehu Shagari, ya kuma mara masa baya. A farkon shekarun 1980 ya zama wakilin Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ya shugabanci kwamitin musamman na yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. A 1983 aka naɗa shi ministan gyaran ɗabi'un 'yan ƙasa, amma sojoji suka kifar da gwamnatin ranar 31 ga Disamba na wannan shekara. Ko da ya rasa ganinsa a ƙarshen rayuwa, bai daina halartar taruka yana kira ga shugabanni su yi adalci ba. Allah Ya yi masa rasuwa a birnin Alƙahira ranar 3 ga Yuli, 2017, yana da shekara 87, aka kawo gawarsa Kano aka yi jana'iza.

Kammalawa

Mutumin da ya riƙe ma'aikatar man fetur shekara shida, jama'a ba su tuna shi da dukiya ba, sai da ilimi da fasahar magana. Wannan kaɗai ya isa abin lura ga masu neman kujerar majalisa a yau. Ina kira ga ɗalibanmu na tarihi da su nemi kundin muhawarorin Majalisar Wakilai na 1954 zuwa 1966, su fito da jawaban wakilan Kano na NPC da na NEPU baki ɗaya, su fassara su zuwa Hausa, don 'ya'yanmu su yi wa kowa hukunci da abin da ya faɗa da bakinsa. Allah Ya jiƙan Ɗanmasani, Ya gafarta masa kurakuransa, amin.