Labaran 'Yan Gudun Hijira: Wa Ake Nunawa, Wa Ake Mantawa?

Ranar 14 ga Yunin 2023 wani jirgin kamun kifi da ya taso daga Tobruk ta ƙasar Libiya ya kife a tekun Bahar Rum, daura da garin Pylos na Girka. An ƙiyasta mutanen cikinsa sun kusa 750, yawancinsu daga Pakistan da Siriya da Masar. Mutum 104 kaɗai aka tsamo da rai. Bayan kwana huɗu sai wani ɗan jirgin nutso mai suna Titan ya ɓace a tekun Atlantika da mutum 5 da suka je kallon ɓaraguzan Titanic. Duk mai kunna talabijin a wancan makon ya san wanda ya cika allo. Ana ta lissafin iskar da ta rage musu, ana kawo sunayensu da tarihin iyalansu, ɗaruruwan can kuwa adadi aka faɗa aka wuce. Rai dai rai ne, ba wanda ya hana a tausaya wa biyar ɗin. Amma wa ya yi wannan rabo?

Ɗan jarida yana iya nuna son kai ba tare da ya yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Ya isa ya zaɓi wanda za a ga fuskarsa, ya bar sauran a matsayin cincirindo. An ga haka ƙarara a Fabrairun 2022, da Rasha ta afka wa Yukren. Wakilin gidan talabijin na CBS a Kiyeb, Charlie D'Agata, ya faɗa wa masu kallo cewa nan ba irin su Iraƙi ko Afganistan ba ne, birni ne na Turai mai wayewa. Daga baya ya nemi afuwa, sai dai magana zarar bunu ce. A daidai lokacin ɗalibai 'yan Afirka, har da 'yan Najeriya, suna kukan ana hana su shiga jiragen ƙasa, ana mayar da su bayan layi a kan iyakar Foland, har sai da Tarayyar Afirka ta fito ta yi tir da abin. Ranar 4 ga Maris Tarayyar Turai ta ta da wata dokar ba da mafaka ta wucin gadi da ke ajiye tun 2001, wadda ba a taɓa aiki da ita ba, ko a 2015 da 'yan Siriya suka yi ta isowa. Yadda aka ba da labarin 'yan Yukren, da suna da sana'a da hawayen uwa, daidai ne. Haka ya kamata a yi wa kowa.

Ruwa ba ya tsami banza. Manyan kamfanonin dillancin labarai irin su Reuters da AFP da AP, da tashoshin da ke sayen hotunansu, masu kallonsu da masu ba su talla suna Turai da Amurka ne. Tura wakili tsibirin Lampedusa na Italiya ya fi sauƙi da arha a kan tura shi gabashin Chadi. Don haka kyamara ke tsayawa a ƙofar Turai, mai kallo ya ɗauka duk duniya can ta nufa. Alhali alƙaluman hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun daɗe suna nuna cewa kusan biyu cikin uku na masu gudun hijira a ƙasashen da ke maƙwabtaka da nasu suke zaune. Daga ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023 zuwa ƙarshen 2024, fiye da mutum 700,000 suka tsallaka Chadi, mafi yawa ta garin Adre. Sau nawa ka ji an buɗe labaran duniya da Adre?

Su ma alƙaluman sai an yi hattara da su, domin galibi daga bakin masu gadin iyaka suke fitowa. A 2015 hukumar Frontex mai tsaron iyakokin Turai ta amsa cewa tsallake take ƙirgawa, ba kawuna ba: wanda ya shiga Girka, ya fita, ya sake shiga ta Hangari, sau biyu yake hawa lissafi. Kafin gyaran ya iso, jaridu sun riga sun buga babban adadin.

Mu ma nan gida ba mu tsira ba. Sau da yawa gidajen rediyonmu da shafukanmu na intanet suna kwaso labari daga waɗancan kamfanoni, a juya shi Hausa yadda ya zo, a kira kowa baƙon haure. Ai Yarjejeniyar 1951 kan 'yan gudun hijira ta hana hukunta wanda ya tsere wa barazana ga ransa don kawai ya shigo ba takarda, muddin ya gabatar da kansa ga hukuma. Kuma labaran suna bakin ƙofarmu. A Oktoban 2013 an tsinci gawawwaki 92 a saharar Nijar kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, galibi daga yankin Kance na jihar Damagaram. Har yau Aljeriya tana sauke mutane a hamada, su taka kimanin kilomita 15 a ƙasa zuwa garin Assamaka na Nijar. Tun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina ke tsere wa 'yan bindiga suna shiga jihar Maraɗi, talakawan ƙauyuka suna raba hatsinsu da su. Waɗannan Hausa suke ji, ba a buƙatar tafinta, kuɗin mota ne kawai tsakaninsu da wakilanmu.

Saboda haka, mai karatu, in labarin masu tsallake iyaka ya iso wayarka, duba ka gani ko an ji ta bakin ɗaya daga cikinsu, ko kuwa jami'ai ne kaɗai suka yi magana, kuma ka tambayi daga ina adadin ya fito kafin ka tura wa wani. Ku kuma editocinmu, don Allah ku tura wakili Assamaka da sansanin Minawao na Kamaru, inda dubban 'yan Borno ke zaune tun 2013, ya jiyo mana daga bakinsu.