Mai Gona Ɗaya Ya Fi Attajiri Buƙatar Wasiyya

In aka ɗauko zancen wasiyya a Jangebe ko Bakura, amsar da aka fi ji ita ce, "Me na tara da zan rubuta?" Ana ganin abin na masu shaguna da jerin gidaje a Gusau ne. To amma a duba abin da ƙaramin manomi ya mallaka: gona guda da ya bayar jingina, awaki uku da ya ba wani kiwo, buhun gero da ya ranta wa maƙwabci da bazara, zubin adashin da bai kai ga kwasa ba, wataƙila har da cikon sadakin da matarsa ke binsa. Attajiri yana da takardar fili da asusun banki, ko bai ce uffan ba takardu za su yi magana. Dukiyar talaka kuwa a bakin mutane take ajiye, ranar da ya cika rabinta na iya binsa kushewa.

Wani zai ce ai Allah ya riga ya raba gado, me ya rage wa ɗan Adam? Gaskiya ne, Suratun Nisa'i ta yanka wa kowane magaji rabonsa. Sai dai ayoyin nan su ne kuma suka gindaya cewa ba a rabo sai an biya bashi an zartar da wasiyya. Alƙali a Talata Mafara ko Maradun, komai iliminsa na fara'id, abin da aka tabbatar masa da hujja kaɗai zai raba. A da, hujjar ita ce dattawan unguwa da suka san iyakar kowace gona da ranar da aka karɓi kuɗin jingina. Yau 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka, shaidu sun yi hijira, wasu sun rasu. Jangebe, garin da aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantarsa a Fabrairun 2021, ba sai an yi masa bayanin rashin tabbas ba. In shaida ta ɓace, wanda ke riƙe da gonar jingina sai ya wayi gari yana cewa saye ya yi, marayu kuma ba su da bakin musu.

Akwai kuma waɗanda rabon gado ba ya kaiwa gare su. Annabi (SAW) ya yarje wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi wasiyya da sulusin dukiyarsa, kuma a nan shari'a ta tsaya. A mazhabar Malikiyya da muke bi, jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa ba ya cin gado muddin akwai baffansa a raye. A wannan zamani da ake kashe samari majiya ƙarfi a gona a bar tsofaffi da jikoki, irin waɗannan yara ba su ƙirguwa. Masar ta ga wannan giɓi har ta yi doka a 1946 da ta wajabta ware musu rabo. Mu a nan, in kaka bai buɗe baki ya yi wasiyya ba, jikan da ya tashi a ɗakinsa sai ya dogara da tausayin baffanni. Haka agola, haka ɗan riƙo. Sulusin gona ɗaya ba yawa, amma yana ciyar da yaro.

Masu tsoron a yi amfani da wasiyya a danne 'ya'ya mata suna da hujjar damuwa, sai dai shari'a ta toshe ƙofar: ba a yi wa magaji wasiyya, ba a kuma haura sulusi, sai in sauran magada sun yarda. Camfin cewa rubuta wasiyya kiran ajali ne ba shi da tushe, tunda hadisin Abdullahi ɗan Umar ya kwaɗaitar da mai abin wasiyya kada ya kwana biyu bai rubuta ba. Rashin boko ma ba uzuri ba ne, liman zai rubuta da ajami. Abin da malaman Malikiyya suka nanata shi ne a kafa shaidu biyu adilai, don takarda ita kaɗai ba ta wadatar. A yadda ake ƙone gidaje da rumbuna yanzu, ya kamata kwafi ɗaya ya kwana a hannun ɗan'uwa a wani gari.