MOTSA JIKI GA MASU CIWON KUMBURIN HANJI

Kumburin hanji ciwo ne mai daɗewa, yakan kwanta ya sake tashi. Alamunsa su ne gudawa, wani lokaci da jini, da murɗar ciki, da rama. Sau da yawa akan ɗauka atini ne ko basir, saboda haka wajibi ne likita ya tabbatar da shi, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri.

Masu wannan ciwo da yawa sukan daina motsa jiki. Abin da ke hana su shi ne kasala saboda ƙarancin jini, da ciwon gaɓoɓi, da tsoron kada bayan gida ya matsa musu a hanya. A Maiduguri kuma ga zafi, wanda kan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Gumi da gudawa in sun haɗu, nan da nan ruwan jiki ke ƙarewa.

Amma yawan zama yana raunana ƙashi, musamman ga mai shan maganin prednisolone. Tafiya a ƙasa tana ƙarfafa ƙashi, tana rage kasala.

Ya kamata majinyaci ya fita bayan sallar asuba, ya fara da minti 10, yana ƙarawa sannu a hankali. Ya bi hanyar da ya san akwai makewayi, ya riƙe ruwan gishiri da sukari. Kada ya sha ibuprofen ko diclofenac don ciwon gaɓoɓi, domin suna iya tayar da ciwon.

Idan ya ga jini ko zazzaɓi, lalle ya dakata ya nemi likita.